Landan Zuwa Rum Ta Jirgin Sama: Kilomita Nawa Ne, Kuma Wane Lissafi Ake Bi?

Duk wanda ya tashi neman sanin nisan da ke tsakanin Landan da birnin Rum ta jirgin sama, zai ci karo da alƙaluma huɗu ko biyar, kuma kowanne da hujjarsa. Nan ya ga 1,434, can ya ga 1,444, wani wurin 897, wani kuma 780. In da zai leƙa takardar shirin tafiya da ke hannun matuƙi, sau da yawa abin da zai gani ya haura kilomita 1,500. Babu na ƙarya a cikinsu. Tambayoyi ne daban-daban kowanne yake amsawa, kuma wanda bai san tambayar da alƙalami ke amsawa ba, shi ne ke kuskure wajen tsara lokacinsa, ko ya je neman haƙƙi da lissafin da doka ba ta san da shi ba.

Biyu daga cikin alƙaluman nan ba su da wuyar warwarewa, ma'auni ne kawai ya bambanta. 897 mil ne na kan tudu, wanda Ingila da Amurka ke auna hanyoyinsu da shi, kowane mil mita 1,609. 780 kuwa mil ne na teku, kowanne mita 1,852, shi ne matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi, saboda ya yi daidai da kashi ɗaya cikin 60 na digiri ɗaya idan ana tafiya arewa ko kudu. Juya su duka biyun zuwa kilomita, 1,444 za ka samu. Wanda ya ɗauki mil ɗin teku a matsayin na tudu ya zaftare wa tafiyar kusan kilomita 190 ba tare da ya sani ba.

Bambancin 1,434 da 1,444 kuma daga wurin fara awo yake. Na farko daga tsakiyar Landan ne zuwa tsakiyar Rum. Na biyu daga filin jirgin Heathrow ne zuwa na Fiumicino. Jirgi ba ya tashi daga tsakiyar gari, kuma Landan filaye shida ke ɗauke da sunanta: Heathrow, Gatwick, Stansted, Luton, City da Southend. Rum tana da biyu, Fiumicino da Ciampino. Gatwick yana kudu da Landan, saboda haka ya fi kusa da Italiya, daga nan zuwa Fiumicino kimanin kilomita 1,405 ne. Stansted yana arewa maso gabas, daga shi zuwa Ciampino kimanin 1,460. Tikiti biyu ke nan, kowanne an rubuta Landan zuwa Rum, amma tsakaninsu akwai ratar fiye da kilomita 50.

Yadda ake samun 1,444

Duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar taswirar bango, don haka hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu ba ita ce wadda rula za ta zana a takarda ba. Ka ɗauki lemo, ka ɗiga masa tabo biyu, ka ɗora zare daga wannan tabo zuwa wancan ka ja shi ya miƙe tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. In da za ka ci gaba da zagaya zaren har ya haɗe, zai raba lemon gida biyu daidai. Wannan shi ake kira layin babbar da'ira, kuma shi ne tushen duk wani alƙalamin nisan tafiyar jirgi da hukumomi ke amfani da shi.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare mai kalkuleta ba. Heathrow yana digiri 51.47 arewa da layin ikwaita, digiri 0.45 yamma da layin Greenwich. Fiumicino yana digiri 41.80 arewa, digiri 12.24 gabas. Da yake ɗaya yana yamma ɗaya yana gabas, haɗa su ake yi, ratar gabas da yamma ta zama digiri 12.69. Sai a danna sin na 51.47 a ninka da sin na 41.80, a samu 0.5214. A danna cos na 51.47, a ninka da cos na 41.80, a sake ninkawa da cos na 12.69, a samu 0.4530. Jimillarsu 0.9744. A nemi kusurwar da cos ɗinta ya ba da wannan adadi, za ta fito kusan digiri 13. Kowane digiri a doron ƙasa kilomita 111.2 ne idan an ɗauki nisan tsakiyar duniya zuwa samanta a kan kilomita 6,371. Ninka su, ka faɗo a kan 1,444 ko dab da ita.

Wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne. Na farko mantawa da cewa Heathrow yana yamma da Greenwich. Wanda ya ɗebe 0.45 daga 12.24 maimakon ya ƙara, zai samu kusan 1,399, ya yi asarar kilomita 45. Na biyu rikita minti da ɗigo: digiri 51 da minti 28 ba 51.28 ba ne, 51.47 ne, domin minti 60 ke yin digiri ɗaya. Na uku barin kalkuleta a ma'aunin radiyan alhali digiri ake shigarwa, wannan kam amsar da za ta fito ba ta da kai ba ta da gindi. Amma mafi muni shi ne a ɗauka digirin gabas da yamma tsawonsa ɗaya ne da na arewa da kudu. A kan ikwaita kaɗai haka take. Layukan suna tsukewa yayin da ake nufar arewa, har a tsakiyar wannan tafiya digiri ɗaya na gabas bai wuce kilomita 76 ba. Wanda ya yi watsi da wannan ya lissafa kamar a filin ƙwallo yake awo, zai samu kusan 1,775, ƙarin kilomita 330 da babu su.

Akwai ɗan saɓani da ba kuskure ba ne. Duniya ta ɗan kumbura a tsakiya, daga cibiyarta zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙuryar arewa kuwa 6,357. Manhajar da ta yi la'akari da wannan za ta bambanta da lissafin hannu da 'yan kilomitoci ƙalilan. Ba abin tayar da hankali ba ne.

Abin lura a nan, kan jirgin da ke bin wannan layi ba ya tsayawa a fuska ɗaya. Yana barin Heathrow yana fuskantar digiri 133 a kamfas, wato kudu maso gabas, ya isa Fiumicino yana fuskantar kusan 142. Tsakiyar layin tana faɗawa a tsaunukan Jura, wajen iyakar Faransa da Suwizalan, arewa da tafkin Geneva. A gajeriyar tafiya irin wannan, wanda ya kafa kamfas a fuska ɗaya tun daga farko har ƙarshe bai ƙara wa kansa abin da ya kai kilomita 3 ba. Sai a dogon zango, kamar tsallaka tekun Atilantika, ribar babbar da'ira ke fitowa fili.

Hanyar da jirgin ke bi a zahiri

Babu jirgin fasinja da ke bin zaren nan daga farko zuwa ƙarshe, kuma ƙarin yana somawa tun kafin tayoyi su bar ƙasa. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska. A Heathrow, kusan kashi 70 cikin ɗari na lokaci ana tashi ne ta yamma, ga shi kuma Rum tana kudu maso gabas. Dole jirgin ya fara ba wa inda za shi baya, ya hau sama, sannan ya karya hagu ya bi tsararriyar hanyar fita wadda aka shata don kauce wa jiragen da ke saukowa da kuma rage wa unguwanni ƙara. Ƙasa da ƙafa 10,000 kuma ƙa'ida ta taƙaita gudu a mil ɗin teku 250 a awa, wato kusan kilomita 460, sai in masu kula da zirga-zirga sun ɗage.

Daga nan sai ya tsallaka mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, ya ratsa gabashin Faransa, ya haye tsaunukan Alps, ya gangaro ta arewa maso yammacin Italiya, ya bi gaɓar teku zuwa Fiumicino. A cikin kusan awa biyun da yake yi a sama yana wucewa ta hannun hukumomin kula da sararin samaniya uku ko huɗu: NATS ta Birtaniya, DSNA ta Faransa, Skyguide ta Suwizalan idan hanyar ranar ta ratsa ta can, sai ENAV ta Italiya. Kowacce ta yanka sararinta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da adadin jiragen da masu kula da ita za su iya riƙewa a awa guda, kuma akan miƙa jirgi daga hannu zuwa hannu ne a wuraren da aka amince da su. Ga kuma yankunan atisayen jiragen yaƙi, waɗanda in sojoji na amfani da su sai an kewaye. Wannan rarrabuwar ita ce Tarayyar Turai ta ƙuduri magancewa tun 2004 da shirin mayar da sararin samaniyarta na bai ɗaya, amma har yau kowace ƙasa tana riƙe da nata. A ganina nan ne asarar da ta fi ciwo take, domin ba yanayi ne ya kawo ta ba, ba kuma gazawar inji ba, iyakokin ƙasa ne aka ɗauka aka kafa a sama.

An samu ci gaba, ba a ce ba a samu ba. Tun Disambar 2016 Italiya ta buɗe saman sararinta yadda kamfani zai zana layinsa kai tsaye daga mashiga zuwa mafita ba tare da bin tsofaffin hanyoyi ba, wasu ƙasashen ma sun bi sahu. Alƙaluman Eurocontrol, hukumar da ke Brussels mai daidaita zirga-zirgar jiragen nahiyar, sun daɗe suna nuna cewa ƙarin da ake samu a tsakiyar tafiya yana wajen kashi 3 cikin ɗari. Sai dai wannan awo ba ya haɗawa da kewayen mil ɗin teku 40 na filin tashi da na sauka, alhali a can ne ake yawan lanƙwasa.

Saukar ma da nata. Matuƙa suna da ƙa'idar ka: kowace ƙafa 1,000 da za a sauko tana bukatar mil ɗin teku 3. Jirgin da ke ƙafa 37,000 zai soma gangarowa tun saura kusan kilomita 200. Idan a ranar ana sauka Fiumicino ana fuskantar kudu, wanda ya taho daga Landan ya huta, kusan kai tsaye zai shigo. Idan iskar arewa ke kaɗawa, sai ya wuce filin ya juyo ta kudu. A dawowa kuwa Heathrow ne mai cin rai. Titin jirgi biyu kacal gare shi, an ƙayyade masa tashi da sauka 480,000 a shekara, kuma kusan kullum a cike yake. Shi ya sa aka tanadi wuraren jira huɗu a sama: Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin. Mai zuwa daga kudu maso gabas galibi Biggin ake tura shi. Jiragen suna jeruwa ne hawa-hawa, ƙafa 1,000 tsakanin kowanne da na ƙasansa, ana zare na can ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Zagaye ɗaya yana cin kusan minti 4, wato kilomita 25 zuwa 30. Jirgin da ya yi zagaye uku ya ƙara kusan kilomita 80 yana shawagi a wuri ɗaya.

Sai bazara ta shigo, hadari ya riƙa tasowa a kan Alps da rana tsaka. Ba a ratsa irin wannan gajimare, shawarar da ake bai wa matuƙa ita ce su ba shi tazarar mil ɗin teku 20 in ya yi ƙarfi. In kuma ma'aikatan kula da sararin Faransa suka shiga yajin aiki, kamar yadda aka sha fama a 2023 lokacin rikicin dokar fansho, jirgin da ko sauka ba zai yi a Faransa ba sai ya makara, ko a karkatar da shi ta Beljiyam da Jamus.

Saboda duk wannan ne masu lissafin hayaƙin jirage ba sa tsayawa a kan 1,444. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, tana ƙara kilomita 50 ga tafiyar da ba ta kai 550 ba, kilomita 100 ga wadda ke tsakanin 550 da 5,500, sannan 125 ga abin da ya haura haka. Da wannan ƙiyasi Landan zuwa Rum ta zama 1,544, wanda ya fi kusa da abin da jirgin ke ci a rana mai lafiya.

Iska, da abin da agogo ke nunawa

Akwai wani nisan kuma da fasinja bai cika jin labarinsa ba, alhali shi ne wanda injin jirgi ya sani: nisan da aka yi a cikin iska. Jirgi irin Airbus A320, wanda ya fi yawa a wannan hanya, yana gudun kusan kilomita 830 a awa idan ya daidaita a sama. Amma wannan gudu a jikin iska ake auna shi, ita kuma iskar tafiya take yi. A tsayin kilomita 9 zuwa 12 akwai ƙaƙƙarfar iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, wadda da hunturu takan haura kilomita 200 a awa.

Mu ɗauka tana gudun 100 daga yamma sak. Da yake jirgin kudu maso gabas ya nufa, ba duka zai amfana da ita ba, kusan kashi biyu cikin uku ne ke tura shi, saura kuma ta gefe take bugunsa. A tafiya zai riƙa cin ƙasa da gudun kusan 895, a dawowa kuwa kusan 760. Idan zangon tsakiya kilomita 1,100 ne, mai zuwa Rum zai gama shi a minti 74, mai komawa Landan sai ya yi 87. A taswira nisa ɗaya suka yi. A wurin inji kuwa na farko ya yi kusan kilomita 1,020, na biyu 1,200, kuma a kan wannan ake sayen mai. Wani lokaci hanya mai tsawo a taswira ita ce mai arha, in ta kauce wa iskar gaba. Ko tsayin da za su bi ba ɗaya ba ne: mai tafiya Rum akan ba shi ƙafa 35,000 ko 37,000 ko 39,000, mai dawowa kuma 36,000 ko 38,000, don kada su yi karo.

Jadawalin kamfanoni yakan ba tafiyar kusan awa 2 da rabi zuwa awa 2 da minti 40, dawowar kuma ta ɗan fi haka. Wannan lokaci yana farawa ne daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga wurin lodi, ya ƙare sa'ad da ya tsaya a wurin sauke fasinja. Zaman sama kansa bai cika wuce awa 2 da 'yan mintuna ba, ragowar tafiya ce a ƙasa da jiran layi, wanda a Heathrow yakan kai minti 20. In sarari ya cushe, Eurocontrol takan yanka wa jirgi lokacin tashi, da sassaucin minti 5 kafin lokacin da minti 10 bayansa. Wanda ya kuskure wannan taga sai ya nemi wata. Shi ya sa za a rufe ƙofa, kowa ya ɗaura bel, amma a yi ta zama.

Agogo ma yana ruɗa mutane. Italiya tana gaban Birtaniya da awa ɗaya duk shekara. Jirgin da ya bar Landan ƙarfe 9:00 ya yi awa 2 da minti 35, tikiti zai nuna ya isa 12:35. Wanda ya bar Rum ƙarfe 2:00 na rana ya yi awa 2 da minti 50, tikiti zai nuna 3:50. Mai kallon tikiti kawai sai ya zaci dawowar ta fi sauri nesa ba kusa ba, alhali ita ce mai tsawo. Ga mai jiran waya daga Najeriya ko Nijar: da hunturun Turai agogonmu ɗaya ne da na Rum, da bazararsu kuma ɗaya ne da na Landan.

Wanda ke tsara ranarsa kuwa, ba 1,444 ya kamata ya duba ba. Heathrow yana da nisan fiye da kilomita 20 daga tsakiyar Landan, Stansted ya ninka haka. Fiumicino kusan kilomita 30 ne daga tsakiyar Rum, jirgin ƙasan Leonardo Express yana kai mutum tashar Termini a minti 32. Haɗa da isa fili awa biyu kafin tashi, da layin duba fasfo, tunda Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken fasfo a tsakaninsu, kuma bizar wannan ba ta shiga wancan, da jiran kaya. Daga ƙofa zuwa ƙofa awa 6 zuwa 7 ne. Raba nisan da wannan lokaci, matsakaicin gudun tafiyar bai fi kilomita 240 a awa ba. Wannan lissafin ne ya sa a gajeren zango kamar Landan zuwa Paris, mai kilomita 340 da ɗoriya, jirgin ƙasan Eurostar da ke yin ta a ƙasa da awa 2 da rabi ya fi jirgin sama ma'ana. Zuwa Rum kam, inda hanyar mota ta haura kilomita 1,800, jirgin sama ba shi da abokin takara wajen sauri.

Inda nisa ke zama kuɗi

A320 yana shan abin da ya kai tan 2 zuwa 2 da rabi na mai a awa, gwargwadon nauyinsa da irin injinsa. Tafiyar Rum takan ci wajen tan 5. Amma ba shi kaɗai ake ɗura wa ba. Akwai man tafiya a ƙasa, akwai na ko-ta-kwana wanda galibi kashi 5 cikin ɗari ne na man tafiyar, akwai na isa wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa, sannan na ƙarshe wanda zai riƙe jirgi minti 30 yana jira a sama, wanda ba a so a taɓa shi sam. Kowane ƙarin kilomita 50 yana cin kusan kilo 145 na mai, kowane kilo ɗaya kuma da ya ƙone yana fitar da kilo 3.16 na iskar kabon. Ka ninka wannan da dubban jiragen da ke ratsa Turai kowace rana, za ka gane dalilin da ya sa ake ta ja-in-ja a kan kashi 3 cikin ɗari.

Kowace ƙasa kuma tana karɓar kuɗin ratsa sararinta, Eurocontrol ke tarawa ta raba musu. Ana ɗaukar nisan babbar da'ira daga inda jirgi ya shiga yankin zuwa inda ya fita, a raba da 100, ana cire kilomita 20 a ƙasar tashi da ta sauka. Sai a raba nauyin jirgin mafi girma da 50 a nemi tushen murabba'insa, wanda ga jirgi mai tan 78 yake ba da 1.25. A ninka su biyun da farashin ƙasar. In an ɗauka, don misali kawai, farashin yuro 70 ne kuma an yi kilomita 500, kuɗin ya kama kusan yuro 437. Farashin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, na Suwizalan yana cikin mafi tsada. Saboda haka kwamfutar da ke tsara hanya takan auna ta ga ƙarin mai na 'yar kewaya ya fi arha a kan kuɗin ratsawa, sai ta zaɓi doguwar hanya da gangan. Kamfanin ya yi riba, hayaƙi ya ƙaru. Wannan gurɓi ne a tsarin da ya cancanci gyara.

Harajin fasinja na Birtaniya shi kuma da nasa ma'aunin daban: nisan Landan zuwa babban birnin ƙasar da za a je yake dubawa, ba garin da za a sauka ba. Rukunin farko ya tsaya a mil 2,000. Don haka duk Italiya, daga Milan har Sicily, da nisan Rum ake yi mata hukunci. Abuja ta haura mil 2,000, shi ya sa mai zuwa Najeriya yake rukuni na gaba.

Wurin da alƙalamin ya fi shafar aljihun fasinja shi ne diyyar jinkiri. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta kasa tafiye-tafiye gida uku: yuro 250 ga wadda ba ta wuce kilomita 1,500 ba, yuro 400 ga wadda ke tsakanin 1,500 da 3,500 da kuma duk wata ta cikin Tarayyar da ta haura 1,500, sai yuro 600 ga saura. Bayan ficewarta, Birtaniya ta riƙe tsarin da kuɗinta: fam 220, 350 da 520. Dokar ta faɗa ƙarara cewa da layin babbar da'ira ake awo. Ke nan ko jirgin Rum ya yi kilomita 1,600 saboda kewaye da shawagi, a idon doka 1,444 ya yi, diyyarsa ta ƙaramin rukuni ce. Kilomita 56 kacal suka raba shi da rukuni na gaba. Mai zuwa Napoli daga Heathrow, kimanin kilomita 1,630, ya tsallake. Har abincin jira wannan iyaka ta shafa: ƙasa da 1,500 haƙƙin abinci da abin sha yana farawa bayan jinkirin awa 2, daga nan zuwa 3,500 kuma sai awa 3.

Ana iya ganin rashin adalci a nan, mutum biyu sun yi jira iri ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya da yuro 150. Kaifin iyakar kam abin dubawa ne. Amma ma'aunin kansa shi ne daidai, domin shi kaɗai ne ba ya canzawa da iska ko yajin aiki, kuma fasinja zai iya tabbatar da shi da kalkuletarsa ba sai ya roƙi kamfani bayanan tafiya ba.

Mai canjin jirgi a hanya ya ƙara lura. A Satumbar 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan wata tafiya daga Rum zuwa Hamburg ta Brussels. Zango biyun in an haɗa kilomita 1,656 ne, sun haura iyaka. Rum zuwa Hamburg kai tsaye kuwa 1,326 ne. Kotun ta ce daga filin tashi na farko zuwa masauƙin ƙarshe ake awo, kewayen da aka yi ba ya shiga lissafi, don haka yuro 250 ne. Wannan ƙa'ida takan yi wa wani daɗi: wanda ya taso daga Legas da jirgin kamfanin wata ƙasar Tarayyar Turai, ya canza a Paris zuwa Rum a tikiti ɗaya, nisansa Legas zuwa Rum ne, ya haura 3,500, ko da a ɗan gajeren zangon ƙarshe matsalar ta auku. In tikiti biyu daban ya saya, kowane zango zaman kansa yake.

Diyyar tana hawa ne idan an isa masauƙin ƙarshe a makare da awa 3 ko fiye, kuma ba a biya idan abin da ya jawo jinkirin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi ko yajin aikin masu kula da sararin samaniya. Lalacewar inji ta yau da kullum ba ta cikin wannan uzuri. Lokacin isa kuma, bisa hukuncin kotun na 2014, ba sa'ad da tayoyi suka taɓa ƙasa ba ne, sai an buɗe aƙalla ƙofa ɗaya an ba fasinja damar fita. A filin da tafiya daga titin sauka zuwa wurin tsayawa ke cin minti 10 ko fiye, jirgin da ya dira a makare da awa 2 da minti 52 yana iya buɗe ƙofa bayan awa 3 ta cika. Fasinja ya rubuta lokacin da aka buɗe ƙofar, ya adana katin shiga jirgi da lambar tikitinsa, da su zai shigar da buƙatarsa wurin kamfanin da ya yi jigilar.